Tarin Waƙoƙin Shata da ke Cikin Memorinka: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Daga Na'ibawa in ka miƙi titin Zariya, ka haye gadar Tamburawa, ka shiga yankin noman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, da wuya ka yi nisa ba ka ji kalangu na tashi daga wani wuri ba. Ko dai daga 'yar rediyo mai memori da mai ban-ruwa ya rataye a jikin bishiya, ko daga wayar direban da ke jiran a gama loda masa kwandunan tumatir a Kwanar Gafan, ko daga rumfar mai shayi a bakin injinan casar shinkafa na Kura. Sau da yawa muryar Alhaji Mamman Shata ce. Mai rediyon bai sha wata wahala ba kafin ya same ta. Ya je wurin mai cajin waya da tura waƙoƙi a Panshekara, ko kasuwar waya ta Farm Centre, ya ce a zuba masa Shata gaba ɗaya, aka zuba, ya biya ya tafi.

To, wannan "gaba ɗaya" shi ne abin dubawa. Mene ne ainihin abin da aka zuba masa? Wa ya zaɓa, daga ina aka samo, kuma me ya rage a baya?

A ƙasashen Turai da Amurka akwai tsohuwar al'ada a kasuwar waƙa. Idan mawaƙi ya daɗe yana tashe, kamfanin da ke buga masa faifai zai tsinto waƙoƙinsa da suka fi karɓuwa tun daga farkon fitowarsa, ya haɗa su a faifai ɗaya ko biyu, ya sake kai wa kasuwa. Galibi ana danganta farkon wannan salo da faifan mawaƙin Amurka Johnny Mathis na 1958. Riba ce mai sauƙi, domin an riga an kashe kuɗin ɗauka tun tuni, sai dai a sake kwali. Kuma ana saye. Tarin da ƙungiyar Queen ta fitar a 1981 shi ne faifan da aka fi saye a tarihin Birtaniya, ya haura kwafi miliyan 7. Na ƙungiyar Eagles, wanda ya fito a 1976, an tabbatar masa da kwafi miliyan 38 a Amurka kaɗai a shekarar 2018. Wanda mutanenmu suka fi sani shi ne Legend na Bob Marley, da kamfanin Island ya fitar a 1984, shekara uku bayan rasuwarsa.

Wannan na Bob Marley yana da darasi a cikinsa. Waɗanda suka tsara shi sun fi karkata ga waƙoƙin soyayya da na zaman lafiya, masu daɗin saurare ga Baturen da ba ya son a tayar masa da hankali, suka rage yawan masu zafi da ke magana a kan mulkin mallaka da zaluncin masu iko. Miliyoyin mutane a duniya ba su san wani Bob Marley ba sai wanda wannan faifai ya nuna musu. Haka aka yi wa Fela a wata fuskar. Waƙoƙinsa dogaye ne, wata takan cinye fuskar faifai sukutum, don haka da aka haɗa tarin fitattunsu a 1999, bayan rasuwarsa a 1997, sai da aka datse da yawa daga cikinsu kafin su shiga. Ke nan duk inda ka ga an ce ga zaɓaɓɓun waƙoƙin wane, akwai hannun wani da ya ɗauki wannan ya ajiye wancan, kuma yana da dalilinsa. Sai dai a can ana sanin mai hannun. Sunansa na jikin kwali, tare da shekarar da aka ɗauki kowace waƙa, da inda aka ɗauke ta, da sunayen waɗanda suka kaɗa.

Namu ba haka yake ba, kuma ba don sakaci kawai ba. Sana'ar ce daban.

An haifi Shata a Musawa wajen 1923, ya zauna a Bakori, ya daɗe a Funtuwa, ya rasu ranar Juma'a 18 ga Yunin 1999, aka binne shi a Daura. Ya yi sama da shekara hamsin yana waƙa. A duk tsawon wannan lokaci abincinsa ba a cinikin faifai yake ba. Yana wurin iyayen gida: sarakuna, hakimai, attajirai, direbobi, 'yan siyasa, da duk wanda ya yi masa alheri a filin wasa. Riga, doki, mota, kuɗi a hannu, nan take. Mawaƙin da haka arzikinsa yake ba shi da wata damuwa da lissafin waƙoƙinsa ko ajiye su. Yaɗuwar kaset ma talla ce a gare shi, tana ƙara masa suna, suna kuma na kawo gayyata. Kamfanonin Turawa irin su EMI sun ɗauki makaɗan Arewa a faifai, Shata na cikinsu, gidajen rediyo ma sun ɗauka, musamman na Kaduna da aka buɗe a 1962. Amma babu wuri ɗaya tak da za a ce ga ma'ajiyar asalin duk abin da ya rera. Kamfanonin nan kuwa sun tattara sun bar harkar a hannun 'yan ƙasa wajen ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon na 1990.

Akwai abin da ya fi wannan zurfi. Mawaƙin Turai yakan shiga ɗakin ɗauka, ya yi ta maimaita waƙa har ta zauna, a buga ta, shi ke nan ta zama ita ce waƙar. Gobe in ya hau dandamali, ita zai kwaikwaya. Shata kuwa a fili yake ƙera waƙarsa. Amshi na nan daram, kiɗan ma an san shi, amma ɗiyan da zai jero sun danganta da wanda ke zaune a gabansa, da wanda ya shigo yanzu, da wanda ya yi kyauta, da wanda ya ɓata masa rai a hanya. Wannan shi ne abin da Farfesa Dandatti Abdulƙadir ya yi nazari a kai a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiana ta Amurka a 1975, inda ya bi yadda mawaƙin baka ke gina waƙa a lokacin da yake rera ta. Makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo sukan zauna da yaransu su tsara waƙa su haddace kafin su kai gaban sarki. Shata ya yi suna ne da rashin bukatar haka.

Saboda haka tambayar "kana da Bakandamiya?", wato fitacciyar waƙarsa, ba ta cika ba. Wace daga ciki? An ɗauke ta fiye da sau ɗaya, a wurare daban-daban, tsawonsu ba ɗaya ba, ɗiyansu ba ɗaya ba. In ka ga Bakandamiya uku a memorinka, kada ka yi saurin goge biyu da sunan maimaici ne. Saurare su tukuna. Mai yiwuwa kwafi ɗaya ne aka sauya wa suna, mai yiwuwa kuma dare uku ne mabambanta a rayuwar mutumin. Ko sunayen waƙoƙin ma yawanci ba shi ya raɗa ba. Jama'a ne ke kiran waƙa da sunan wanda aka yi wa, kamar ta Bawa Direba ko ta Hassan Sarkin Dogarai ko ta Mamman Da, ko kuma su kira ta da farkon amshinta. Shi ya sa waƙa ɗaya za ka same ta da suna biyu a shago biyu da ke maƙwabtaka.

Sai kuma abin ɗaukar, wanda ya yi wa waƙoƙin iyaka ba tare da mai saurare ya lura ba. Tsohon faifan garmaho, mai juyi 78 a minti, fuska ɗaya ba ta wuce minti uku da 'yan kai. Mutumin da ya saba kwana yana waƙa, an ce masa ya gama kafin allura ta kai tsakiya. Babban faifai da ya biyo baya yana ɗaukar kamar minti ashirin a kowace fuska. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, akwai mai minti 30 a fuska, akwai mai 45. Idan kana jin waƙa ta yi daɗi sai kawai ta yanke a tsakiyar ɗa, ba Shata ne ya tsaya ba, zare ne ya ƙare, kafin mai rikoda ya juya kaset kuwa wani abu ya wuce. Gajerun waƙoƙin nan masu tsafta, masu farko da ƙarshe, galibi na ɗakin ɗauka ne. Dogayen masu hayaniya, inda kake jin sanƙira na shela, mata na guɗa, ana sanar da kyautar wane, su ne na filin wasa. A ganina waɗannan na biyun sun fi nuna ko wane ne Shata, duk da ƙurar da ke cikin sautinsu, domin a nan kake jin yadda yake juya magana nan take in wani abu ya faru a gabansa.

Daga waɗannan kaset-kaset ne abin da ke memorinka ya fito. Wani ya kwafa daga rediyo, wani ya kwafa daga nasa, 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai da sauran wurare suka yi ta gurzawa suna sayarwa, kowane kwafi kuwa yana rage kaifin sauti ya ƙara shuu. Da zamanin kwamfuta ya zo aka juye su zuwa MP3, aka matse su don su yi sauƙin turawa, suka bi bulutut da WhatsApp, wasu aka sake matse su a hanya. Akwai wani abu da ya kamata masu gardama a majalisa su sani. In an ɗauki waƙa da rikodar da batirinta ya yi sanyi, zaren yana tafiya a hankali, ranar da aka kunna shi a rikoda mai lafiya sai waƙar ta yi sauri, murya ta sirance. Mutane da yawa in sun ji haka sai su ce ai wannan Shata ne yana saurayi. Wata ƙila haka ne, wata ƙila kuma batir ne.

Wajen yawa ba a magana. Minti ɗaya na MP3 mai matsakaicin inganci yana cin kusan megabayit ɗaya, ke nan memori mai gigabayit 4 zai ɗauki sama da awa 60. Shi ya sa mai tura waƙa ba ya zaɓe, juyewa yake yi. Abin ya yi kama da kwandon tumatir a kasuwa: manya jajaye a sama, in ka zazzage ka ga gauraye. A farkon jerin za ka tarar da sanannun nan da kowa ke nema. Can ƙasa sai ka iske masu lamba ba suna, da rabin waƙa, da hirar rediyo, da waƙar wani makaɗin kalangu daban da aka jingina wa Shata, da ta masu kwaikwayon muryarsa. Ba lallai mai shagon ya yi da gangan ba. Yaro ne da aka haifa bayan rasuwar mawaƙin, yadda ya karɓa haka ya miƙa.

Akwai kuma tacewa da ba wanda ya zauna ya shirya, amma tana aiki. Shata ya yi waƙoƙin yabon Annabi, ya yi na sarakuna, ya yi na wayar da kai a kan noma da zaman lafiya da haɗin kan ƙasa. Ya kuma yi na mashaya, da na matan bariki, da zambo mai ɗaci irin na Gagarabadau. Gidajen rediyo sun fi sa na farkon, saboda dalilan da kowa ya sani. Wani mai shagon ma yakan cire waɗanda yake ganin ba su dace ba. Ba laifi mutum ya zaɓi abin da zai ji a gidansa a gaban 'ya'yansa. Sai dai wanda yake son sanin mutumin da zamaninsa ya kwana da sanin cewa Shatan da aka wanke aka goge ba shi ne dukan Shata ba, kamar dai yadda aka yi wa Bob Marley.

To yaya za ka gane lokacin da aka yi waƙa alhali ba a rubuta ba? Waƙoƙin da kansu suna ɗauke da shaida, in ka kasa kunne. Waƙar kumbon Apollo 11 ba za ta riga watan Yulin 1969 ba, lokacin da Amurkawa suka sauka a duniyar wata. Duk inda ka ji an kira Alhaji Muhammadu Bashar da Sarkin Daura, to daga 1966 ne zuwa sama, domin kafin nan Wamban Daura ne. In an ambaci Ado Bayero a matsayin Sarkin Kano, bayan Oktoban 1963 ne. In ana maganar jihohi da gwamnoninsu na soja, an shiga 1967. In ka ji naira da kwabo a bakin sanƙira, an shiga 1973, amma a yi hattara da juya wannan ma'auni, domin jin fam da sule ba ya nuna tsufan waƙa, mutane sun daɗe suna kiran naira biyu fam bayan canjin kuɗi. In an ce Jihar Katsina, an shiga 1987. In kuma maroƙi ya kira shi Dakta, to an shiga 1988, shekarar da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa. Da irin wannan kaɗai mutum zai iya jera abin da ke wayarsa daga na farko zuwa na ƙarshe, ya ji yadda murya ta yi kauri da shekaru, yadda iyayen gida suka sauya daga hakimai da 'yan kasuwar zamanin En'e zuwa hafsoshin soja da 'yan kwangila. Wannan jerin shi ne abin da tarin waƙoƙin rayuwar mawaƙi ya kamata ya ba ka, ba yawa ba.

Wanda ke son abin dogaro a rubuce, akwai littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah, na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa, wanda ya fito a 2006. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ma ya yi aiki mai yawa a kan makaɗan baka da rabe-rabensu. Abin da har yanzu ake bukata shi ne a haɗa irin wannan ilimi da sautin kansa a wuri guda: zaɓaɓɓun waƙoƙi daga mafi kyawun kwafin da ya rage, kowace da shekararta ko kusa da ita, da bayanin wanda aka yi wa, da sunayen makaɗa da 'yan amshi. Waɗannan bayin Allah su ne aka fi zalunta a yadda abin yake yanzu. Kowa ya san amon kalangun, kaɗan ne suka san hannun da ya matsa tsirkiyarsa.

Batun haƙƙi gajere ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba mai waƙa kariya har shekara 70 bayan rasuwarsa, wato waƙoƙin Shata na ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2069, magadansa ke da su. Shi kuwa sautin da aka ɗauka, kariyarsa shekara 50 ce daga lokacin da aka fara fitar da shi. Kuɗin da kake ba mai tura waƙa ladan aikinsa ne da wutar janaretonsa, ba ya isa ga iyalan mawaƙin. Haka yawancin shafukan YouTube da ke ɗora waƙoƙin suna cin kuɗin talla. Wannan matsala ba ta Shata kaɗai ba ce. Haka take ga Ɗanƙwairo da ya rasu a 1991, da Barmani Choge a 2013, da Ɗanmaraya Jos a 2015.

Yanzu ga inda mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam suka shigo cikin maganar kai tsaye. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ya biyo kanal, noman rani ya kankama, kuɗin alkama da tumatir da shinkafa suka fara shiga hannun manoma. A daidai wannan lokaci kuɗin ƙarin albashi na Udoji suka cika aljihun ma'aikata, rikoda mai kaset ta zama abin da duk wanda ya samu sarari yake saye. Mutanen wancan zamani ba saurare kawai suke yi ba, ɗauka suke yi. In ana biki ko naɗin sarauta aka gayyato makaɗi, za ka ga rikodoji jere a gabansa. Da yawan abin da aka ɗauka a irin waɗannan wurare bai taɓa shiga rediyo ko kasuwa ba. Kwafi ɗaya ne tak a duniya, yana cikin adakar wata tsohuwa ko ƙarƙashin gadon wani dattijo. Ba na manyan mawaƙa kaɗai ba, har na makaɗan noma da na 'yan dambe da na mata masu kiɗan ƙwarya, waɗanda ba kamfanin da ya taɓa neman su. Memorin kasuwa kowa na da irinsa. Waɗannan ne ba a mayar da su in sun lalace.

Kuma suna lalacewa. Zafi da laima da ƙura suna cin zaren kaset, ajiye shi kusa da lasifika ko wani abu mai maganaɗisu yana dusashe sautin. In ka samu irin wannan a gidanku, kada ka jefa shi cikin tsohuwar rikodar da ta shekara ashirin ba a kunna ba, robarta ta narke, za ta tauna zaren. Fara juya shi a hankali da biro ka ga ko yana tafiya. In ya tsinke ana iya haɗa shi, in ya yi fumfuna a bar wa wanda ya iya. Nemi mai rikoda mai lafiya da zai haɗa ta da kwamfuta da waya, ba a kara wayar hannu a bakin lasifika ba. Ka ce a ajiye maka kwafin farko a tsarin WAV, wanda ba a matse ba, ko da zai ci wuri, sannan a fitar da MP3 daga jikinsa don saurare. A ɗauki fuska biyun gaba ɗaya, har da surutun da ke farko da ƙarshe, domin sau da yawa a nan ake faɗin gari da sunan mai biki. A ajiye kwafi a wuri biyu, tunda memori ma yana mutuwa ba sallama. Shi kuma kaset ɗin kada a yar bayan an juye.

Sannan a zauna da mai kaset ɗin tun yana da rai, a tambaye shi: Baba, bikin wa aka yi? A wane gari? Kafin a kawo ruwan Tiga ne ko bayan an kawo? Wa ke sarautar garin a lokacin? Wa ke riƙe da babban kalangu? Abin da ya faɗa a rubuta a takarda a saka cikin kwalin, a kuma sa shi a sunan fayil ɗin. In iyali sun yarda, a kai kwafi ɗaya sashen Hausa na Jami'ar Bayero ko gidan rediyon jiha, a karɓi takardar shaidar cewa daga gidan wane ya fito.